Darasi na 9: Yadda Ƙwayar Jifsam Ke Girma a Masana'antar Asid ɗin Taki

Duk wanda ya taɓa sayen takin zamani ya ga lambobi uku a jikin buhu, kamar 15-15-15 ko 20-10-10. Lamba ta tsakiya ta fosfat ce, sinadarin da ke taimaka wa shuka ta kafa saiwa ta kuma cika ƙwaya. A watan Disamba na 2016, lokacin da Sarki Muhammad na Shida ya ziyarci Abuja, aka ƙulla yarjejeniyar da ta sa masana'antun haɗa taki na Najeriya suka riƙa karɓar takin DAP daga kamfanin OCP na Maroko. Saboda haka wani kaso na fosfat ɗin da ake barbaɗa wa masara a Funtuwa ko Saminaka ya biyo ta cikin tankunan da za mu leƙa a wannan darasi.

Asalin fosfat dutse ne mai laushi da ake haƙowa a wurare irin su Khouribga a Maroko, Taiba a Senegal da Hahotoe a Togo. Tun 2014 ana dama na Khouribga da ruwa a tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 187 zuwa Jorf Lasfar a bakin Tekun Atilantika, inda manyan masana'antun suke. Dutsen ba ya narkewa a ruwa yadda saiwa za ta sha shi da sauri, don haka sai an sa masa asid. Wanda ake amfani da shi shi ne salfurik asid, wanda in an surka shi muke kira ruwan batir. Ga abin da ke faruwa a rubuce:

Ca5(PO4)3F + 5H2SO4 + 10H2O → 3H3PO4 + 5CaSO4·2H2O + HF

Kada alamomin su firgita ku. Abin da suke faɗi shi ne: kalsiyom ɗin da ke riƙe da fosfat a cikin dutse ya sake shi, ya haɗe da salfet ɗin asid. Fosfat ya shiga ruwa ya zama fosforik asid. Kalsiyom da salfet kuwa suka daskare suka zama farin gari, kalsiyom salfet, wanda aka fi sani da jifsam.

Akwai tsohuwar hanya da ba a raba fosfat da jifsam. John Bennet Lawes ya yi rajistarta a Ingila a 1842, kuma ita ce masana'antar takin sufa ta Kaduna ta fara bi a 1976: a kwaɓa dutse da asid, a bar shi ya bushe, a ɗura a buhu da jifsam ɗinsa. Shi ya sa fosfat ɗin takin sufa bai wuce kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari ba. In ana son taki mai ƙarfi irin DAP, mai kashi 46, dole a tace jifsam a fitar da shi, a bar asid zalla.

Kuma jifsam ɗin ba kaɗan ba ne. A wannan sana'a da awon P2O5 ake lissafin fosfat, kuma kowane tan ɗaya na P2O5 yana barin tan huɗu da rabi zuwa biyar na jifsam. Masana'antar da ke fitar da tan 1,000 a rana sai ta tace kusan tan 5,000 na jifsam, wato lodin tirela sama da 160 in kowace ta ɗauki tan 30. A suna masana'antar asid ce, amma aikin da ke cin hankalin injiniyoyinta dare da rana shi ne renon ƙwayar jifsam mai tatuwa. Narkar da dutse abu ne mai sauƙi. Girman ƙwayar da siffarta su ke yanke yawan asid ɗin da zai fita a rana da yawan wanda zai salwanta.

Ƙoshi da wuce ƙoshi

Kowane ruwa yana da iyakar abin da zai iya narkarwa. Lita ɗaya ta ruwan sha ba ta narkar da jifsam fiye da giram biyu da ɗan ɗoriya. In ya kai wannan iyaka mukan ce ya ƙoshi. Abin mamakin shi ne ruwa yana iya ɗaukar fiye da ƙoshinsa na wani lokaci ba tare da komai ya fito ba. Wannan rarar da ta hau kan ƙoshi ita ce ke tura narkakken abu ya daskare ya zama kiristal, kuma duk darasinmu a kanta yake.

Za ku iya ganin wannan da idonku, da alam ɗin da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Ku daka shi, ku riƙa zubawa a ruwan da ya tafasa kuna motsawa har ya ƙi narkewa. Ku tsiyaye ruwan saman ku raba shi kofi biyu. Na farko ku tsoma shi a kwanon ruwan ƙanƙara kuna juyawa da cokali. Kafin minti kaɗan zai yi fari fat, gari mai laushi ya kwanta a ƙasa. Na biyu ku rufe shi, ku naɗe da tsumma, ku sa a kular abinci, kada kowa ya taɓa sai da safe. Za ku tarar da 'yan ƙwayoyi ƙalilan, manya, garau kamar gilashi, masu kaifin gefe, wasunsu da fuskoki takwas. Yanzu ku juye kowanne a kan ƙyalle. Ruwan kofi na biyu zai wuce nan take ya bar ƙwayoyinsa a tsane. Na farko zai tsaya yana ɗiga, kuma abin da ya rage a ƙyallen zai daɗe a jiƙe. Alam ɗin ɗaya ne, ruwan ɗaya ne. Bambancin kawai saurin da rarar ta taru. (Kada a sha wannan ruwa, ya yi ƙarfi.)

A masana'anta ba sanyi ke kawo rarar ba. Haɗuwar kalsiyom daga dutse da salfet daga asid ke kawo ta, kowane daƙiƙa, muddin ana zuba su. Amma dokar ɗaya ce.

Haihuwa da girma

Rarar nan hanya biyu take da ita ta fita daga ruwa. Ko ta hau kan ƙwayar da ke nan ta ƙara mata jiki, wannan shi ne girma, ko ta dunƙule ta kafa sabuwar ƙwaya, wannan shi ne haihuwa. Su biyun daga tukunya ɗaya suke ci. Manomi ya san abin da ke faruwa in ya cika iri a rami bai rage ba: gero zai fito cunkus, kowane kara siriri, zangarniya ƙanana, alhali takin da ruwan ba su ragu ba.

Haihuwa tana da wuya a farko. 'Yan ƙwayoyin zarra da suka haɗu sukan sake watsewa, sai dunƙulen ya kai wani girma kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa in rarar kaɗan ce, ruwa kan daɗe bai haifi komai ba, amma in ka jefa masa ƙwaya za ta girma. Wilhelm Ostwald, masanin kimiyya na Jamus, ya yi bayanin wannan tsakiyar zango a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a cikinsa kowane injiniya yake son ya ajiye tankinsa. Da zarar rarar ta haura wannan zango, haihuwa sai ta ɓalle.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne su biyun ba sa amsa rarar daidai wa daida. Mu ɗauka, don misali kawai, girma yana bin rarar sau kanta, haihuwa kuwa tana bin ta sau kanta har huɗu. In rarar ta ninka biyu, girma zai ninka 4, haihuwa ta ninka 16. In ta ninka uku, girma 9, haihuwa 81. Ainihin lambobin sun bambanta daga dutse zuwa dutse, amma kullum haihuwa ce mai saurin fushi. Wanda ya ƙara asid don ya hanzarta aiki zai sami jifsam da sauri, sai dai gari zai samu.

Ɗaya ƙarshen lamarin yana ƙarƙashin ƙasa a Naica, jihar Chihuahua ta Meziko. A 2000 masu haƙar ma'adinai suka faɗa wani kogo mai ɗauke da ƙwayoyin jifsam da wasunsu suka haura mita 10 a tsawo. Ruwan ɗumi ne ya zauna a wurin dubban ɗaruruwan shekaru da rarar da ba ta taka kara ta karya ba, haihuwa ta yi ƙaranci ƙwarai, girma ya yi ta tafiya. Masana'anta ba ta da wannan lokaci. Awa huɗu zuwa takwas kwaɓin dutse da asid ke yi a tanki, kuma ƙwayar da ake samu da mikron ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Mai kyau ba ta fi kaurin gashin kai da yawa ba.

To yaya ake hana haihuwa yawa a cikin awoyi kaɗan? Babbar dabarar ita ce kada sabon asid ya taɓa haɗuwa da sabon dutse su kaɗai. Tankin kullum cike yake da tsohon kwaɓi wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa jifsam ne. Manyan famfuna suna zagayawa da shi daga ɗaki zuwa ɗaki, ninkin-ba-ninkin abin da ake zubawa sabo. Ana zuba dutse a wani wuri, asid a wani wuri, kuma kafin asid ya shiga akan surka shi da raunannen fosforik asid da ya dawo daga mataci. Ta haka duk rarar da ta taso za ta tarar da miliyoyin ƙwayoyi suna jira, ta hau kansu. Farfelar da ke juya tankin ma da awo take aiki. In ta yi sanyi, asid zai taru wuri ɗaya ya haifar da gari. In ta yi ƙarfi, za ta riƙa ɓantarar ƙwayoyi, kowane ɓantare ya zama sabon iri. A tanki mai cike da jifsam, yawancin sabbin ƙwayoyi ta irin wannan karo suke samuwa.

Alan Randolph da Maurice Larson, a littafinsu na 1971, sun shimfiɗa hanyar auna saurin nan biyu daga samfuri ɗaya: a ɗebo kwaɓi, a tankaɗe shi aji-aji, a ƙirga yawan ƙwaya a kowane aji. A tankin da ya gauraya sarai, girman da ya fi rinjaye a nauyi ya kai saurin girma sau lokacin zama sau uku. In ƙwaya tana ƙara mikron 5 a awa, kwaɓi kuma yana zama awa 5, za a sa ran mikron 75. Sai dai kada wani ya ce a ninka tanki a ninka ƙwaya. In lokacin zama ya ƙaru rarar tana raguwa, saurin girma ya ragu da ita, ribar ta zo ƙasa da kuɗin da aka kashe.

A kan mataci

Nan ne ake ganin sakamako. Matacin da aka fi sani, wanda kamfanin Prayon na Beljiyam ya yi suna da shi, jerin farantai ne masu faɗi da ke zagaye a da'ira, kowanne da ƙyalle a ƙasansa, injin zuƙar iska yana ja ta ƙarƙashi. Faranti zai karɓi kwaɓi, asid mai ƙarfi ya tsiyaye. Ya matsa gaba a wanke jifsam ɗin sau biyu ko uku, ruwan wankin ƙarshe ya koma ya zama na wankin da ke gabansa don kada asid ya tsinke. Daga nan farantin ya kife, jifsam ya zube, a fesa wa ƙyallen ruwa, ya miƙe ya sake karɓa. Zagaye ɗaya 'yan mintuna ne. Ma'aikacin da ya ƙware yakan gane lafiyar tanki daga tsayuwa a nan: yana duba wurin da saman jifsam ke bushewa ya daina sheƙi. In wurin ya fara matsawa gaba, har faranti ya isa ruwan wanki da sauran asid kwance a kansa, ya san gari ya yi yawa tun kafin sakamakon ɗakin gwaji ya iso.

Dalilin yana cikin lissafin Kozeny na 1927 da Carman na 1937: saurin wucewar ruwa ta cikin tarin ƙwayoyi yana bin girman ƙwaya sau kansa. Ƙwaya ta ragu rabi, ruwa ya yi jinkiri ninki huɗu. Ban da haka, ƙwaya ɗaya mai mikron 100 in aka farfasa ta zuwa masu mikron 10, guda dubu za ta ba da, kuma fatar da asid zai manne wa ta ninka goma. Siffa ma tana da nata. Ƙwaya siririya kamar allura tana karyewa, tana kuma riƙe asid a tsakaninta. Mai faɗi fale-fale tana kwanciya kan 'yar'uwarta ta toshe hanya. Wadda ake so ita ce gajera mai kauri, ko dunƙulen ƙananan da suka manne suka zama curi.

Salfet: gaba kura, baya sayaki

A cikin duk abin da ake aunawa a ɗakin sarrafawa, babu wanda ake sa wa ido kamar ragowar salfet da ke yawo a ruwan tanki. Yawanci ana riƙe shi tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa uku cikin ɗari, kuma kowane dutse da inda ya fi so.

In ya yi yawa, jifsam zai daskare a jikin ƙwayar dutsen kanta tun ba ta gama narkewa ba, ya yi mata sulke. Asid ba zai ƙara isa cikinta ba, ta bi jifsam zuwa juji da fosfat ɗinta. Mugun abin shi ne matsalar tana ciyar da kanta: dutsen da aka rufe bai saki kalsiyom ba, salfet bai sami abokin haɗuwa ba, sai ya ƙara taruwa ya rufe wani dutsen. In ba a rage asid da wuri ba, tanki zai iya tsayawa cik.

In ya yi kaɗan, wata ɓarnar ce. Akwai wani nau'in fosfat a ruwan, HPO4, wanda girmansa da cajinsa suka yi daidai da na salfet. In salfet ya yi ƙaranci, ƙwayar da ke girma sai ta ɗauki wannan ta gina shi a cikin jikinta. Babu wankin da zai fitar da shi. Ƙari a kan haka ƙwayoyin kan fito sirara, masu wuyar tacewa. In aka haɗa waɗannan biyu da asid ɗin da wanki bai kwashe ba, masana'antar da ke tafiya daidai tana ceto kashi 94 zuwa 96 na fosfat ɗin da ya shigo.

Zafi da ruwan da ke cikin ƙwaya

Kalsiyom salfet yana fitowa a kama uku. Jifsam yana da ƙwayar ruwa biyu a jikinsa. Akwai mai rabin ruwa, wanda shi ne garin POP da ake yin silin da shi. Akwai kuma marar ruwa sam. Zafi da ƙarfin asid su ke zaɓar wanda zai fito. A digiri 70 zuwa 80, da asid mai kashi 26 zuwa 32 na P2O5, jifsam ake samu, kuma yawancin masana'antun duniya a nan suke aiki. Haɗuwar asid da dutse tana fitar da zafi mai yawa, don haka ana bi da kwaɓin ta wani tanki da aka zuƙe wa iska, ruwa ya tafasa a ƙaramin zafi, tururi ya tafi da zafin. Ba a kuma so ya huce da yawa, don asid zai yi kauri, girma ya yi nawa.

In zafi ya haura, mai rabin ruwa zai fara fitowa a inda ba a shirya masa ba. Duk mai aikin POP ya san abin da garin ke yi in ya sha ruwa: minti kaɗan ya kama ya zama dutse, domin yana narkewa ne yana sake fitowa a matsayin allurai na jifsam masu sarƙe juna. Wannan ne zai faru a kan ƙyallen mataci da cikin bututu, sai an tsayar da aiki an fasa.

Wasu masana'antun da gangan suke aiki a digiri 90 zuwa 100 don su sami mai rabin ruwa, saboda asid yana fita da ƙarfin kashi 40 zuwa 50, kusa da kashi 52 zuwa 54 da ake sayarwa, an huta da yawan dafawa. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin fosfat da ke maƙalewa a ƙwaya da saurin cin ƙarfe. Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda ta haɗa biyun, wadda kamfanin Nissan na Japan yana cikin waɗanda suka fara ta: a fara da mai rabin ruwa, sannan a sanyaya a bar shi ya narke ya sake fitowa jifsam a hankali. Da ƙwaya ta narke, fosfat ɗin da ta haɗiye ya kuɓuta. Ana ceto kashi 98 ko fiye, jifsam ɗin kuma ya fito da tsabtar da za a iya yin allon bango da siminti da shi, abin da Japan ke buƙata don ba ta da wadatar jifsam na haƙa.

Dattin dutse ma yana da baki a maganar. Magniziyom yana sa asid kauri. Alminiyom da fuloraid suna manne wa wasu fuskokin ƙwaya su hana su girma, siffa ta canza, shi ya sa wani lokaci ake ƙara silika ko yumɓu da gangan. Dutsen Maroko da na Senegal daga tsohon gindin teku suke, suna narkewa da sauri, suna kumfa. Na Kola a Rasha da na Phalaborwa a Afirka ta Kudu daga narkakken dutse suka samu, sun fi tsabta amma sun fi taurin narkewa. Masana'antar da ta canza dutse sai ta sake neman awon salfet ɗinta.

Jifsam ɗin da ya zube daga faranti yana ɗauke da ɗan radiyom daga dutsen. Saboda haka Amurka ta taƙaita amfani da shi tun 1989, kuma a jihar Fulorida an tara kusan tan biliyan ɗaya tsibi-tsibi. Ruwan da ke kwance a kan irin wannan tsibi yana da asid da fosfat, kuma a 2021 an saki galan miliyan 215 na gurɓataccen ruwa daga Piney Point zuwa mashigin Tampa don kada katangar ta fashe. Da yawa daga cikin fosfat ɗin da mataci ya kasa cetowa a irin wannan wuri yake ƙarewa.

Aikin gida

Ku yi gwajin alam, ku zo da abin da kofi biyun suka ba ku a ƙulle daban-daban, tare da lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya tsane. Sannan ku yi wannan lissafi: masana'anta tana zubar da tan 5,000 na jifsam a rana, kuma kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa P2O5 ne da ya salwanta. Tan nawa ke nan? In takin DAP yana da kashi 46 na P2O5, buhu nawa mai kilo 50 za a yi da abin da ya salwanta a rana ɗaya?